Kunnen Masta Idi

Yau Alhamis, kwana talatin da tara ke nan da rasuwar Alhaji Idrisu, wanda duk unguwar Suwame a Kumasi ta sani da Masta Idi. Na tashi da kumburin ƙafa, ta dama ta fi, kuma tarin da ya kama ni tun saukar ruwan farko bai sake ni ba. Hannuna yana rawa, saboda haka wanda zai karanta wannan takarda gobe a wurin addu'ar arba'in ya yi haƙuri da rubutun. Ni ba zan iya zuwa unguwar Ayigya, inda za a yi addu'ar, ba. Daga gadona zuwa bakin ƙofa ma sai na huta sau biyu. Malam Tanko, na'ibin limamin unguwarmu, ya ce zai biyo bayan la'asar ya karɓa, shi ne zai karanta.

Kafin nan ina jiran Nuhu, babban ɗan marigayin, wanda ya sauka daga Jamus ranar Litinin. Na aika masa sau biyu, ya ce zai zo yau bayan azahar. Akwai maganar da nake so in faɗa masa mu biyu a ɗakin nan. Idan ya zo, zan yage shafukan ƙarshe na takardar, a karanta abin da ya rage. Idan bai zo ba, za a karanta duka a gaban jama'a, domin gobe bayan addu'a dattawa za su zauna a kan auren ƙanwarsa Ajara da mijinta Yakubu, kuma abin da zai wanke Yakubu ni kaɗai na san shi a duniya.

Labarin rasuwar ya same ni gab da magariba, ina alwala a bakin ƙofa. Idi ya daina kirana a waya tun shekara biyu da suka wuce, sai dai ya aiko saƙon murya, saboda haka da na ga lambar Kanada, inda yake zaune wurin Ajara da mijinta, tana kira, na san ba lafiya ba. Yakubu ne, wanda na koyar a aji huɗu, kuma ni na kai goron neman aurensa gidan su Idi.

"Ticha," ya ce. Ina jin numfashinsa.

"Ina jin ka, Yakubu. Faɗi."

"Baba ya tafi. Ƙanƙarar dam ta karye da shi da safe. An ciro shi, amma rai ya riga ya yi halinsa."

Na yi salati, na ƙarasa alwalar ban san da wace ƙafa na fara ba. Can aka binne shi, a ƙasar da sai an sa inji kafin a haƙa kabari saboda daskarewa. Mu nan muka yi addu'ar uku da ta bakwai ba tare da mun ga fuskarsa ba.

Lungu ɗaya aka haife mu a Zango. Mahaifinsa daga Nijar ya zo da fataucin shanu, nawa kuwa mai gadin sito ne. Ni aka kai makarantar boko, shi aka kai Magazin, matattarar makanikai ta Suwame, koyon fita, wato gyaran mota. Tun daga ranar da ya ga farin alli a gwiwar hannuna ya sa mini Mai Alli, ni kuma na sa masa Baƙin Mai, kuma sunayen nan ba su bar bakinmu ba har muka yi furfura. Ko da ya dawo daga Makka, ana ta Alhaji, Alhaji, na matsa kusa na ce, "Baƙin Mai, zamzam ɗin ma bai fitar da shi daga farcenka ba." Ya ce, "Kai kuma shekara talatin kana rubutu a allo, har yau ba a ga abin da ka gina ba."

Wanda bai ga Masta Idi a wurin aiki ba zai ɗauka ƙari ake yi. Ana kawo masa mota, ba ya buɗe bonet da farko. Sai ya juya mata baya, ya rufe ido, ya ce a tayar. A cikin hayaniyar Magazin, ana dukan ƙarfe ta ko'ina, masu walda na aiki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A kashe. Bawul na uku ne." A buɗe, a tarar haka ne. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, mai motar ne ke ƙarya." Direbobin trotro, ƙananan motocin haya, daga Ayigya har Tafo sun san shi da wannan kunne, kuma shi kansa ba abin da yake alfahari da shi a jikinsa kamarsa.

Na taɓa zama a garejinsa wani direba ya zo yana gaggawa, wai a ɗan ɗaure masa birki ya kai yamma. Idi ya saurari motar, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Direban ya yi ta zagi, da Hausa da Tuwi, har mutane suka taru. Idi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mutum goma sha biyar za ka ɗauka, da sunana na goma sha shida. Motar nan ba ta fita sai gobe." Ba ta fita ba kuwa. Da matata ta rasu, kwana arba'in yana zuwa kowace safiya kafin ya wuce aiki, ya zauna a kan wannan kujerar da ke gabana yanzu, ba ya cewa komai, in ya ga na sha koko ya tashi ya tafi. Allah bai ba ni haihuwa ba. In na ce shi ne dangina, ban yi ƙari ba.

Bayan rasuwar matarsa Hajiya Adiza ne Ajara da Yakubu suka ɗauke shi zuwa Kanada. Sanyin farko ya kusa kashe shi, ba don ciwo ba, don zaman ɗaki. Mutumin da ya shekara hamsin a tsakiyar ƙarar ƙarfe aka ajiye shi a wurin da ko kukan zakara babu. Sai wani tsohon Bature maƙwabcinsu ya ja shi zuwa wani babban dam da ke bayan garin, inda mutane ke taruwa kamun kifi idan ruwa ya daskare. Ranar ya kira ni yana dariya.

"Mai Alli, yau na yi tafiya a kan ruwa."

"Ka fara shan wani abu a can ne?"

"Wallahi da ƙafata. Har da bokiti na zauna a kai a tsakiyar dam, kamar a ce dam ɗinmu na Barekese ya zama siminti. A huda rami, a zura ƙugiya, kifi ya fito yana mamaki, ni ma ina mamaki."

Daga nan abin ya shiga ransa. Cikin 'yan shekaru ya zama shi ake tambaya. Mutanen Zango da ke can, 'yan Kumasi da 'yan Nima, duk wanda ke son gwadawa wurinsa ake tura shi. Kifin da ya kama kuma ba ya ci sai kaɗan, rabawa yake yi a masallacinsu ranar Juma'a. Ya ce yana so a haɗa abin da ya koya a ɗan littafi saboda baƙi, don ya ga yadda namu ke hawa ƙanƙara da takalmin zuwa biki. Shi yana faɗa, ni ina rubutawa a littafin makaranta mai jan bango. Ga shi nan a kan cinyata. Zan kawo wasu daga ciki yadda ya faɗe su, ko Allah zai sa su amfani wani.

"Rubuta, Mai Alli. Ba a yarda da ƙanƙara don an hango wani a kanta. Wanda ka hango da asuba ya wuce, kai kuma da hantsi ka zo. Kafin ka yi nisa ka huda kusa da gaɓa ka auna. In kaurinta bai kai faɗin tafin hannunka ba, koma gida ka sha shayi. Ƙanƙara mai haske, wadda kake ganin duhun ruwa ta cikinta kamar gilashin mota, ita ce mai ƙarfi. Fara mai kama da madara rabin ƙarfi gare ta. Wadda ta yi toka-toka tana jiƙe kuwa, kada ka yi mata ko sallama."

Ya fi nanata maganar dam ɗin kansa. "Dam ba tafki ba ne. Tafki barci yake yi har bazara, dam kuwa akwai masu buɗe shi su rufe. In suka saki ruwa, na ƙasa ya sauka, ƙanƙara ta zauna a kan iska ba abin da ya tallafe ta. Kada ka kusanci ƙofofin dam, kada ka kusanci bakin kogin da ke shigowa, kada ka kusanci ginshiƙan gada. Duk inda ruwa ke motsi a ƙasa, cin ƙanƙara yake yi daga ciki, sama kuma tana nan fes kamar motar da aka yi wa fenti a kan tsatsa."

A kan kamun kifin kuwa yana da raha. Ya ce da sassafe ake zuwa ko in rana ta karkata, tsakar rana kifi ƙailula yake yi kamar ma'aikacin gwamnati. A sa tana ko ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya, a sauke har ta taɓa ƙasa, a ɗago kamu ɗaya, a riƙa motsawa a hankali kamar mai rarrashin jariri. In aka shanye kofin shayi ba a ji komai ba, a tashi a huda wani ramin, ba a auren rami ɗaya. Kada a ja bokiti a kan ƙanƙara, kifi na ji. Bakin ramin kuma yana sake daskarewa, sai ana kwashewa. Shi ludayin Ajara mai huji-huji na suyar ƙosai ya ɗauke don wannan aikin, ta yi wata guda tana nema.

Sai dokokin tsira. Tsofaffin sukudireba biyu a igiya a rataya a wuya, don in mutum ya faɗa ya kafa su a ƙanƙara ya jawo kansa. Doguwar igiya a bokiti. In ka faɗa, ka juya wajen da ka fito, don ita ce ƙanƙarar da ta ɗauke ka ɗazu. In ka fito kada ka miƙe, ka mirgina. Kuma wanda ya sa na ja wa layi biyu a ƙasa: ba a hawa mutum ɗaya, in an hau kuma ba a rabuwa.

Na ji tsayuwar mota a bakin lungu, na ajiye alƙalami. Masu kawo ruwan leda ne. An daɗe da idar da azahar.

Abin da ya bambanta shi da kowa a dam ɗin sandarsa ce. Da hannunsa ya ƙera ta daga tsohon sifirin mota, ya wasa bakin. Duk taku uku sai ya buga a gabansa ya saurara. Ya ce mai kyau tana amsawa da ƙarfi kamar ka bugi bulok ɗin inji, ruɓaɓɓiya kuwa daga ciki take amsawa kamar gangar da ta jiƙe. "Turawan nan ma'auni suke ɗauka, Mai Alli. Ni kunnen Magazin na kawo musu." Yakubu ya ce mini har Turawan kan tsaya su ga inda tsohon Gana ya taka kafin su bi.

Daga nan ne shafukan da zan yage idan Nuhu ya zo.

Shekara biyu da suka wuce Idi ya zo gida hutu. Muka shiga tasi zuwa Magazin, lokacin ina iya fita. Kwabena, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu shi ma mai gareji ne da furfura, ya rungume shi ya ce, "Masta, boga ka zama, ɗan ƙasar waje, amma yau sai ka saurara mini wata mota da ta hana ni barci." Aka tayar da ita, mutane suka kewaye. Idi bai juya baya ba, bai rufe ido ba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya daɗe, sannan ya faɗi abin da ke damunta. Ya dace kuwa, aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba. Shekara hamsin ina kallonsa, ban taɓa ganin ya taɓa inji kafin ya faɗi ciwonsa ba. Na kuma lura Kwabena ya yi masa magana ta hagu sau biyu bai waiwaya ba.

Da muka dawo ɗakin nan, yana tsaye yana kallon hoton aurena a bango, na tsaya a bayansa ta hagu na ce, "Baƙin Mai." Shiru. Na ƙara ɗaga murya. Shiru. Tun muna yara bai taɓa barin sunan nan ya faɗi ƙasa bai rama ba. Na zagaya gabansa, ya ga fuskata, ya gane.

"Tun yaushe?" na ce.

Ya zauna a kan kujerar. "Na hagu ya mutu shekara guda ke nan. Na dama yana nan in ana kusa kuma ba iska. Ƙarfen Magazin ne ya zo karɓar abinsa."

"Yaran sun sani?"

"Bakinsu nake kallo. In ban gane ba in yi dariya, ko in fara wani labari. Ajara cewa take Baba ya fara taurin kai, ana magana yana share mutane. Gara haka."

"Idi, da kunnen nan kake hawa ƙanƙara."

"Da hannu ma ana ji. Ba ka ga motar Kwabena ba?"

"Motar Kwabena ba ta da ruwa a ƙarƙashinta."

Sai ya kama hannuna da hannuwansa biyu. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Ya ce, "Sani, in suka ji za su karɓe sandar, su zaunar da ni gaban talabijin har in mutu. Ka san zaman da na yi shekarar farko. A dam ɗin nan kaɗai ake ce mini Masta. Amana na ba ka. Ka ce ka karɓa."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai in magana ta kai maƙura. Na ce na karɓa. Daga nan ne ya daina kiran waya, ya koma aiko saƙon murya, ni kuma in mayar masa a rubuce, wai don kada rubutuna ya yi tsatsa.

Ga abin da Yakubu ya faɗa mini game da ranar, kuma na yarda da shi kalma da kalma. Ƙarshen lokacin sanyi ne, mutane sun ragu a dam, su biyu ne kawai a ɓangarensu. Sun huda rami biyu ba su sami komai ba. Idi ya ce wa Yakubu ya koma mota ya ɗauko filas ɗin shayi da suka manta.

"Na ce masa, Baba, kai ka ce ba a rabuwa. Ya ce, ni na kafa dokar, je ka ɗauko. Ticha, surukina ne. Yaya zan tsaya ina ja-in-ja da shi?"

Yana dawowa da filas ɗin, ya ji ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa kamar ana yaga babban zane. Ya hango Idi ya bar ramukan, ya ba shi baya, yana tafiya yana buga sanda, iska kuma tana kaɗawa. Ta hagunsa ruwa ya fara tsattsafowa ta wata tsaga.

"Na ce Baba, na ce Baba, har muryata ta dishe. Ticha, sunansa ma na kira. Idrisu na ce. Shekara goma sha shida ban taɓa furta sunan nan ba, ɗana da aka sa wa sunan ma Baba Ƙarami muke ce masa. Na kira shi da sunansa kamar sa'ana, bai waiwayo ba. Ya buga sandar, ya ƙara taku."

Yakubu ya ruga, ya kwanta rub da ciki ya jefa igiya, ba ta kai ba. Ya matsa, ƙanƙarar ta fara nutsewa da shi. Ya kira masu ceto. Da suka ciro Idi, sukudireba ɗaya tana hannunsa.

Da aka yi addu'ar bakwai na kira Nuhu in yi masa ta'aziyya. Ya ce, "Ticha, da girmanka zan tambaye ka, don kai ka fi kowa sanin babana. Mutumin da ke jin bawul yana kaɗawa daga ƙetaren titi trotro na wucewa, wai an kira shi sau goma a filin da ba mota ba rediyo bai ji ba. Yakubu yana cikin mota yana ɗumama jikinsa, ya bar tsoho shi kaɗai, sannan ya zo da labari. Kai ka yarda da wannan?"

Jama'a, ga abin da na ce masa. Na ce, "Allah ne masani." Na ajiye wayar.

Wannan amsar ita ce ta hana ni sukuni kwana talatin da biyu. A kanta Ajara ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan wata 'yar Zango a can, ta ce ba za ta iya kallon fuskar mijinta ba. A kanta Nuhu ya ce a raba auren. Yakubu yana kirana duk Juma'a, ba ya neman komai, sai ya ce, "Ticha, ko hular sanyi ce ta toshe masa kunne? Ko muryata ce ba ta kai ba?" Ni kuma in ce ya yi haƙuri.

Na yi ta gaya wa kaina amana nake riƙewa. Da na zauna na duba da kyau, na ga ba amanar kaɗai ba ce. Tsoro ne. In na faɗa, tambayar da za ta biyo baya ita ce, kai da ka sani shekara biyu, me ya hana ka ɗaga waya ka kira Ajara? Ba ni da amsa mai kyau. Na ji tausayin abokina, na fifita farin cikinsa a kan ransa. Na karanta dokokinsa, da hannuna na rubuta su, na san duk sun dogara ne a kan kunnen da babu shi, na yi shiru. Na tambayi Malam Tanko ba tare da ambaton suna ba, ya ce amanar da riƙe ta zai zalunci mai rai ba a riƙe ta. Ko bayan jin haka sai da na ƙara mako biyu.

Saboda haka, Nuhu, ɗana, in ba ka ji daga bakina ba ka ji daga bakin Malam Tanko. Mahaifinka bai ji kiran Yakubu ba domin ba ya ji. Kunnensa na hagu ya mutu shekara uku ke nan, na dama kuma ya bi shi. Mako guda kafin rasuwarsa ya aiko mini saƙo yana cewa, "Mai Alli, na daman ma ya fara bin ɗan'uwansa, yanzu da hannu nake jin sandar, bana dai in ƙarasa, baɗi in zauna." Saƙon yana cikin wayata, wayar tana ƙarƙashin matashina. Duk mai shakka ya zo ya saurara da muryar Idi. Ajara, 'yata, abin da kika ɗauka taurin kai ne, ba shi ba ne. Mijinki ya bi umarnin mahaifinki don kunyarsa, ya kuma keta kunyar don ya cece shi. In akwai wanda za a tuhuma bayan ƙaddarar Allah, ga ni nan a ɗakina, ba na iya gudu ko'ina.

Kada kuma wani ya rage wa Masta Idi daraja saboda wannan. Mutum ne da bai taɓa sakin mota mai mugun birki ta ɗauki 'ya'yan mutane ba, kuma ko a dam ɗin, a shekarun nan biyu, shi ne ke shiga gaba, ba ya sa kowa a gabansa. Kansa kaɗai ya yi wa sassaucin da bai taɓa yi wa direba ba. Ga 'yan'uwanmu da ke can masu hawa ƙanƙara, zan ƙara layi ɗaya a littafinsa da hannuna, wanda shi bai faɗa ba: ku auna da ma'auni ko da gwani ne a gabanku, kuma in babba ya aike ku a kan ƙanƙara, ku ba shi haƙuri ku ƙi zuwa.

Baƙin Mai, na karɓi amanarka na kuma buɗe ta a gaban mutanen da ka fi jin kunya. Ka yafe mini. Ba da daɗewa ba zan zo, ka rama yadda ka saba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Idrisu. Ka gafarta masa abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana. Ka sa ruwan da ya ɗauke shi ya zama wankin zunubansa, ka ba shi ladan wanda ya rasu a ruwa. Ka ɗumama masa kabarinsa a ƙasar sanyi, ka yalwata shi, ka haɗa shi da Hajiya Adiza da iyayensa a gidan aljanna. Ka saka masa da alheri a kan kowace mota da ta kai mutane gida lafiya ta dalilinsa, da kowane bakin da ya ci kifinsa. Ka sanyaya zuciyar Nuhu, ka ba Ajara haƙuri, ka mayar da ita ɗakinta da 'ya'yanta. Ka cire wa Yakubu nauyin da ba nasa ba. Ka raya Baba Ƙarami da 'yan'uwansa a kan halin kakansu. Ni kuma ka yafe mini shiruna, ka sa in cika da imani. Amin.

An kira la'asar an idar. Hadari ya haɗu ta wajen Suwame, ƙafar kuma ta ƙara nauyi. Kujerar da maƙwabciyata Hajiya Lami ta goge mini tun safe tana nan ba wanda ya zauna a kanta, goron da na ajiye a faranti ya fara bushewa. Ina jin sallamar Malam Tanko a tsakar gida. Ban yage ko shafi ɗaya ba. Nuhu bai zo ba.